Tsakuwar da Ba Ta Cikin Takalmi

Shekara talatin da ɗaya ina kai kofi tebur zuwa tebur
a wani shago a gangaren Alfama,
inda duwatsun titin Lisbon ke sheƙi kamar ɓawon kifi
in ruwan asuba ya wanke su.
Baƙin takalmi, mai tsinin baki, a matse.
Mai shagon ya ce daga ƙafa ake gane ma'aikaci.

Wata Laraba na taka tsakuwa.
Na jingina da bango, na cire takalmi, na zazzage.
Wayam.
Na juya safa, na kakkaɓe. Babu.
Na mayar, ga ta nan,
tsakanin yatsa na uku da na huɗu,
zaune daram kamar mai bin bashi.

Da rana garwashi ce.
Da dare allura ce mai tafiya,
ta kai wuta har bakin farce,
sannan yatsun biyu su yi shiru kamar na aro.
Graciete ta haɗa min ruwan gishiri,
ta shafa man zaitun, tana mita:
"Anselmo, ciwo ba ya jin kunyar furfura."
Na ce gobe.
Goben nan ta ci wata bakwai.

Likita Meireles sa'ar 'yata ce.
Ta kama tafin ƙafata da hannu ɗaya,
ta matse shi ta gefe da gefe,
wani abu ya ce ƙas! daga ciki,
ni kuwa na kira sunan uwata
wadda ta rasu tun ina saurayi.
Ta ce, "Mun kama shi."

Ta shafa mai mai sanyi, ta ɗora na'ura.
A allo na ga ɗan duhu, bai kai ƙwayar wake ba.
"Jijiya ce, mai kai saƙon ji zuwa yatsu.
Ƙasusuwa biyu sun sa ta a tsakiya
suna ta murza, shekara da shekaru,
ita kuma ta yi kanta don ta kare kanta,
kamar tafin masunci mai jan igiya a Tejo.
Ba ciwon daji ba ne."
A nan na gane ashe numfashi nake riƙe.

Magani na farko abin dariya:
takalmi mai faɗin baki kamar kwale-kwale,
da ɗan matashi a ƙarƙashin tafi
mai raba ƙasusuwan da ke faɗa.
Mai shago ya dubi ƙafata, ya dubi rufi,
bai ce uffan ba.
Na biyu allura, ta saman ƙafa,
ta saya min bazara guda ta zaman lafiya.
Da baƙi suka cika gari, matakala ta ƙaru,
mai bashi ya dawo da kujerarsa.

Sai wuƙa.
"Zan yanke ta," in ji likita, "amma ka sani,
wurin ba zai ƙara jin zafi ba,
ba kuma zai ƙara jin komai ba."
Na ce na yarda da cinikin.
Mako uku ina zaune bakin taga,
ina ƙirga jirgin titi mai hawa da sauka,
Graciete ce ke kawo min kofi,
kullum ya yi sanyi, kullum ina godiya.

Yanzu jikata Leonor kan zauna a ƙasa
ta yi wa yatsuna cakulkuli ɗaya bayan ɗaya.
Takwas suna dariya.
Biyu ba sa amsawa.
Ta ce fushi suke yi.
Na ce a'a, sun yi ritaya ne kafin ni.

Amma har yau, kowace safiya,
sai na kifa takalmi na zazzage
kafin in sa.